Me ya sa Arabsat ta tsaya da ƙafarta, RASCOM kuma shiru?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana harkar sadarwa da ke zauren nan. Ƙasashen Larabawa sun haɗu sun kafa Arabsat tun 1976, kuma har yau tana harba sababbin taurarin ɗan'adam. Mu ma a Afirka an kafa tamu, RASCOM, amma ko cikin masu ɗaura dish ba kowa ne ya taɓa jin sunanta ba. Me suka yi wanda mu ba mu yi ba? Kuɗin fetur ne kawai, ko da wani abu a ƙasa?

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Alhaji ai ka ba kanka amsa. Kuɗi ne. A rufe zance.

Injiniya:
Haba Malam, tun ba a buɗe ba za a rufe? Kuɗi na ciki, ban musa ba. Amma in kuɗi kaɗai ne, da Libiya ta zamanin Gaddafi ta gama mana komai, don ba ƙaramar dukiya ta zuba a RASCOM ba. Ku bari mu ɗauko abin daga tushe.

Tun 1967, shekarar yaƙin kwana shida tsakanin Isra'ila da Larabawa, ministocin yaɗa labarai na ƙasashen Larabawa suka zauna a Tunisiya suka amince cewa suna buƙatar tauraro nasu na kansu. Ba a sa hannu a yarjejeniya ba sai 1976, a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, aka ajiye hedkwata a Riyad. Daga nan ma sai da aka ƙara shekara 9 kafin wani abu ya tashi sama. Arabsat-1A ya tashi a Fabrairun 1985 a kan rokar Ariane daga Kuru, can Giyana ta Faransa a Kudancin Amurka. Kamfanin Aerospatiale na Faransa ne ya jagoranci ƙera shi, kuma tun a kwanakin farko ya fara ba su ciwon kai, faifan solarsa bai buɗe yadda ake so ba. To ku lissafa, daga 1967 zuwa 1985 shekara 18 ke nan. Su ma sun sha jan ƙafa irin na gwamnatoci.

Ɗalibi:
Yallaɓai Injiniya, shi ne wanda aka ce wani yariman Saudiyya ya raka zuwa sama?

Injiniya:
Wannan na biyun ne, Arabsat-1B. A watan Yunin 1985 kumbon Amurka mai suna Discovery ya ɗauke shi, kuma cikin mutanen da ke kumbon akwai Yarima Sultan bin Salman, ɗan Sarki Salman na yanzu. Yana da shekara 28 a lokacin. Shi ne Balarabe na farko kuma Musulmi na farko da ya je sararin samaniya, tafiyar kuma ta faɗo a ƙarshen azumin shekarar. A wannan tafiyar an saki wasu taurarin sadarwa biyu, ɗaya na Meziko ɗaya na wani kamfanin Amurka, amma a ƙasashen Larabawa labarin yarima ne ya danne komai.

Kawu Tsohon Ma'aikacin Waya:
'Ya'yana ku bari in sa baki, don wannan zamaninmu ne. Ku da kuka tashi da waya a aljihu ba za ku gane abin da ya sa ƙasashe suka damu da tauraro ba. A da, in za ka kira wata ƙasar Afirka da ke maƙwabtaka da kai, sau da yawa kiran sai ya je Landan ko Faris sannan ya dawo, saboda layukan an shimfiɗa su ne daga kowace ƙasa zuwa gidan uwargijiyarta ta mulkin mallaka. Kano da Zinder ga su kusa, amma a waya sun fi Kano da Landan nisa. Kuma kowane kira akwai kason da ake biyan Turawa da kuɗin waje. Larabawa ma haka suke fama. Taurarin Arabsat na farko don waya aka fi yin su, talbijin daga baya ta zo ta mamaye.

Injiniya:
Allah Ya ƙara lafiya Kawu. Kuma nan ne wurin da nake so Ɗan Maraɗi ya tsaya ya duba. A shekarun farko taurarin nan biyu suna sama amma yawancin ƙarfinsu a banza yake zaune. Ga kuɗin fetur, ga tauraro, babu masu haya. Dalili ɗaya babba shi ne Masar. An dakatar da ita daga Ƙungiyar Larabawa a 1979 saboda sulhun da ta yi da Isra'ila, ba ta dawo ba sai 1989. To Masar ce uwar fim da wasan kwaikwayo da waƙa a duniyar Larabawa. Ka gina hanyar yaɗa shirye-shirye ka kuma kori mai shirye-shiryen, me za ka yaɗa?

Abin ya juya ne a 1990. Iraƙi ta mamaye Kuwait, Masar kuma ta riga ta dawo, a ƙarshen shekarar ta buɗe tasharta ta tauraron ɗan'adam a kan Arabsat. Mutane kuma suka ga yadda CNN ke nuna yaƙi kai tsaye yayin da tashoshin gwamnatocinsu ke ta kame-kame, sai kowa ya fara neman dish. A 1991 MBC ta fara aiki daga Landan da kuɗin 'yan kasuwar Saudiyya. Daga nan ne Arabsat ta samu kwastomomi masu biyan haya da gaske.

Ɗan Maraɗi:
To Injiniya ka ce ba kuɗi ba ne, ga shi ka dawo kan kuɗin 'yan kasuwar Saudiyya.

Injiniya:
Cewa na yi ba kuɗi kaɗai ba. Akwai bambanci tsakanin kuɗin da gwamnati ta bayar sau ɗaya a sayi tauraro, da kuɗin da tashoshi ke biya duk shekara. Tauraro yana da wa'adi. Na farkon an yi su don shekara 7, na yanzu wajen 15. In babu kuɗin shiga da za a sayi magajinsa kafin ya mutu, an gama.

Mai Ɗaura Dish:
Oga Injiniya bari in faɗi yadda muke ganin abin daga kan rufin kwano. Mu a wurinmu ba sunan kamfani ake kira ba, lambar digirin da tauraro ke zaune a kai a sama ake kira. 26 gabas, 7 yamma, da sauransu. Mutum zai ce maka "Makka da Madina nake so da MBC", kai ka san inda za ka juya. Da zarar ka ɗaure dish ɗin nan ka matse noti, shi ke nan, maigidan ba zai sake taɓa shi ba sai iska ta karkatar da shi. Saboda haka duk tashar da ke son a gan ta dole ta je inda dish ɗin mutane ya riga ya kalla. Kamar rumfa ce a bakin ƙofar kasuwa: kowa na son wurin saboda nan jama'a ke wucewa, jama'a kuma na bi ta nan saboda nan kaya suke. Arabsat ta riga ta kama 26 gabas. Wannan wurin ya fi kowane ƙarfe da suka harba daraja.

Maman Walid:
Ni dai tambayata ta jahilci ce, ku yi haƙuri. In tauraro yawo yake a sama, ya aka yi dish ɗina bai taɓa motsi ba kuma hoto na zuwa?

Injiniya:
Hajiya ai tambayar ita ce ginshiƙin sana'ar. Ana ajiye irin waɗannan taurarin a nisan kusan kilomita 36,000 daidai saman layin da ya raba duniya biyu. A wannan nisan, lokacin da tauraro ke ɗauka ya zagaya duniya daidai yake da lokacin da duniya ke ɗauka ta juya sau ɗaya, sai ka gan shi kamar a tsaye yake wuri guda. Amma ba a sake shi haka nan ba. Jan wata da na rana suna ta ture shi, sai ana kunna 'yan ƙananan injina lokaci-lokaci ana mayar da shi mazauninsa. Arabsat na yin wannan daga tasharta ta Dirab kusa da Riyad, da wata a Tunis. Ranar da man ya kusa ƙarewa, sai a yi amfani da ragowar a ƙara ɗaga shi 'yan ɗaruruwan kilomita sama da mazauninsa, a kashe shi a can, magajinsa ya zauna a gurbin. Ke a gida ba za ki ma san an yi canji ba.

Ɗalibi:
Yallaɓai to yanzu guda nawa suka harba, kuma ina Badr ya shigo? Ni na ɗauka wani kamfani ne daban.

Injiniya:
Ɗaya ne. Waɗanda ke zaune a 26 gabas suna ɗauke da talbijin su ake kira Badr. Ba zan jero duka ba, don akwai waɗanda haya aka yi ko saye na hannu don cike gurbi. Na uku a jerin farko, 1C, ya tashi a 1992, daga baya a 1997 aka sayar wa Indiya. An harba 2A da 2B a 1996, sai 3A a 1999.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne 4A. A Fabrairun 2006 rokar Proton ta Rasha ta ɗauke shi daga Baikonur a Kazakistan, sai matakin ƙarshe na rokar ya mutu kafin lokaci, ya bar shi a inda ba zai yi amfani ba. Tauraro sabo fil, lafiyarsa ƙalau, amma dole aka jefo shi ya ƙone a saman tekun Fasifik. Ku lura da abin da ya biyo baya: a Nuwamban shekarar suka harba Badr-4, kuma a kan irin wannan rokar dai. A 2008 Badr-6 ya tashi a madadin wanda ya salwanta. A 2010 guda biyu cikin wata ɗaya, Badr-5 da 5A. A 2011 sai 5C, wanda ke 20 gabas. Badr-7 a 2015. Asarar tauraro guda ba ta durƙusar da su ba saboda akwai wani a layi.

Mai Ɗaura Dish:
Ɗalibi ka ƙara da wannan: ba kowane tauraron Arabsat ne za ka kama da ƙaramin dish daga nan ba. Kowanne yana da inda aka haska siginarsa. Wata tashar ana kama ta a Sakkwato da Maiduguri cikin sauƙi, ka gangara kudu sai ka ƙara girman dish ko ka haƙura. Nau'in siginar da ake kira C-band kuma shi ne mai buƙatar ƙaton dish, amma ruwan sama bai cika damunsa ba. Ku-band ƙaramin dish ya ishe shi, sai dai hadari na haɗuwa hoto ya fara tsinkewa.

Ɗan Gadarif:
Salamu alaikum 'yan'uwa, gaisuwa daga Sudan. Mu ƙasarmu tana cikin masu hannun jari, to bari in ɗan rage wa Arabsat kirarin da ake yi mata. A takarda ta ƙasashen Larabawa ce duka. A zahiri Saudiyya na da sama da kashi ɗaya cikin uku, sai Kuwait da Libiya da Katar. Irin su Sudan da Muritaniya kasonmu bai taka kara ya karya ba. Kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2009 an sauke tashar Al-Alam ta Iran. A ƙarshen 2015 an sauke Al-Manar ta Hizbullah. Ba ina kare waɗannan tashoshin ba ne, ina nuna muku wanda ke riƙe da makulli ne. Kuna tsammanin banza ta sa Masar ta harba Nilesat nata a 1998, Katar kuma ta harba Es'hail a 2013?

Baban Ummi:
Wannan magana ce. Amma ɗan'uwa, Aljazeera fa? Ta daɗe tana caccakar Saudiyya, kuma a Arabsat ta yi suna.

Injiniya:
Alhaji labarin yadda ta samu wurin ma abin dariya ne. Aljazeera ta fara aiki a Nuwamban 1996, amma a kan sigina da yawancin gidaje ba sa kamawa, don a lokacin C-band mutane ke da shi kuma babu gurbi. Sai a watan Yulin 1997 tashar Faransa mai suna CFI, wadda ke kan Arabsat, ta yi kuskuren haɗa layi, fim ɗin batsa ya fito da rana tsaka a gidajen mutane har da Saudiyya. Arabsat ta soke kwangilarsu nan take. Gurbin da suka bari shi Aljazeera ta samu a ƙarshen shekarar, daga nan ta shiga kowane falo daga Maroko zuwa Oman.

Ɗan Maraɗi:
Innalillahi. Wato sakacin wani ma'aikaci a Faransa ne ya ɗaga Aljazeera.

Ɗan Gadarif:
Ya taimaka dai. Amma ku tuna 2017, lokacin da Saudiyya da ƙawayenta suka yanke hulɗa da Katar. Sai ga wata tasha, beoutQ, tana satar wasannin ƙwallo na beIN ta Katar tana yaɗawa, har gasar cin kofin duniya ta 2018. beIN da FIFA da UEFA suka ce ta taurarin Arabsat siginar ke fitowa. Arabsat ta musanta. A 2020 kwamitin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ya yanke cewa Saudiyya ba ta ɗauki matakin da ya kamata a kan masu satar ba. Ku duba fa, Katar na cikin manyan masu hannun jarin kamfanin da ake zargi da ɗaukar kayan da aka sace mata.

Ɗalibi:
Ni dai abin da na sani game da su shi ne bidiyon rokoki biyu da suka sauko a tsaye lokaci guda.

Injiniya:
Arabsat-6A ke nan, Afrilun 2019, daga Fulorida. Shi ne kwastoman kasuwanci na farko da ya hau Falcon Heavy ta SpaceX. Lockheed Martin ya ƙera shi, nauyinsa ya haura tan 6, yana 30.5 gabas. Rokokin gefe biyu sun sauka a tudu, ta tsakiya ta sauka a kan jirgin ruwa, sai dai igiyar ruwa ta kayar da ita a hanyar dawowa. Kafin nan a 2013 sun saye Hellas Sat na Girka, suka samu 39 gabas da ƙofar shiga kasuwar Turai. A Mayun 2023 kuma Badr-8, ƙirar Airbus, ya tashi a kan Falcon 9.

Admin:
Jama'a an yi nisa a ɓangaren Larabawa. Rabin tambayar Alhaji na nan ba a taɓa ba. RASCOM fa?

Kawu Tsohon Ma'aikacin Waya:
To ni zan fara, don na ga lokacin da ake ta murna. An kafa ta a Abijan a 1992, ƙasashe 45, har da Najeriya da Nijar. Burin mai kyau ne ƙwarai: a daina bi ta Turai, kuma a kai waya ƙauyukan da igiya ba za ta taɓa isa ba. Sai neman kuɗi ya cinye shekaru. Tauraron bai tashi ba sai Disambar 2007. Ya tashi kuma iskar hiliyam ta fara zurarewa daga jikinsa, aka ƙona mai da yawa kafin a kai shi mazauni, wa'adinsa ya dawo wajen shekara 2. Madadinsa ya tashi a Agustan 2010, a roka ɗaya da Nilesat 201 na Masar. Shekara na zagayowa yaƙi ya ɓarke a Libiya, babbar mai ɗaukar nauyi.

Amma 'ya'yana abin da ya fi kashe ta ba hiliyam ba ne. A 1992 wayar ƙauye ta tauraro dabara ce. A 2010 fa? GSM ta shigo Najeriya tun 2001. Kafin tauraron ya fara aiki, mai sayar da goro a tasha na da salula. Wayoyin ƙarƙashin teku irin su SAT-3 da Main One sun iso Legas. An kawo maganin bayan ciwon ya canza.

Injiniya:
Kawu ya gama magana. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Arabsat ma don waya aka yi ta, wayar ta kuɓuce mata, talbijin ta cece ta. Kuma talbijin ta cece ta ne saboda harshe ɗaya: shiri ɗaya daga Alƙahira ko Beirut, ana kallonsa a ƙasashe sama da 20. RASCOM na zaune kusa da digiri 3 gabas, babu taron tashoshin da zai sa mutane su juya dish can. Masu biyan kuɗin kallo a Afirka kuwa DStv da Canal+ sun riga sun kwashe su, su kuma a kan taurarin Intelsat da Eutelsat da SES suke haya.

Ɗan Maraɗi:
To nan zan yi gardama. Harshe ɗaya? Masu jin Hausa miliyoyi ne daga Agadas zuwa Kumasi zuwa Gadarif. Masu Suwahili haka. Kasuwar na nan, ba a tara ta wuri ɗaya ba ne. Tashoshin Hausa a warwatse suke, wannan a wannan tauraro, waccan a wancan. Da an tara su a lamba ɗaya da Mai Dish ya huta.

Mai Ɗaura Dish:
Malam ka rufa mini asiri, warwatsuwar nan ita ce abincina. Gida ɗaya dish uku.

Maman Walid:
Allah Ya shirye ka. Mu muna biya kai kana addu'ar kar a gyara.

Baban Ummi:
To ina NigComSat ta Najeriya a wannan lissafin? Ba ita ya kamata ta tara su ba?

Injiniya:
Ita ta ƙasa ɗaya ce, ba ta yanki ba, amma darasin ɗaya ne. Na farko ya tashi daga Sin a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar faifan sola. Madadinsa, 1R, ya tashi a Disambar 2011, yana 42.5 gabas, an yi shi don shekara 15. Ku lura da giɓin: shekara 3 babu komai a sama. Wane mai tasha ne zai ɗora kasuwancinsa a kan kamfani mai tauraro ɗaya tilo? Wanda ke da uku a wuri guda, in ɗaya ya samu matsala sai a kwashe tashoshi zuwa na kusa cikin dare.

Ɗalibi:
Ni a ganina duk wannan tsohon yayi ne. Starlink, mai ba da intanet ta taurarin ɗan'adam, ta shigo Najeriya tun farkon 2023. Matasa a waya suke kallo. Nan da 'yan shekaru wa zai ɗaura dish?

Ɗan Gadarif:
A kan intanet kana da gaskiya. Da layukan waya suka ɗauke a Sudan a farkon 2024 saboda yaƙi, Starlink ce ta riƙe mutane a wurare da yawa, da ita ake karɓar kuɗi daga 'yan'uwa na waje. Amma labarai fa, a dish aka ci gaba da kallo, don shi ba ya neman data ba ya neman rajista. Sola da batir da risiba, shi ke nan.

Injiniya:
Aikinsu ne ya bambanta. Na Starlink suna wajen kilomita 550, shi ya sa ba ka jin jinkiri. Mai nisan 36,000 kuwa, kafin saƙo ya je ya dawo an haura rabin daƙiƙa, a kiran bidiyo sai ku riƙa katse juna. A intanet Arabsat na cikin matsi, su ma sun sani. Amma a yaɗa hoto ɗaya ga jama'a, ko gida dubu ne ke kallon Tarawihi daga Harami ko miliyan 50, kuɗin da tasha ke biya bai canza ba. A intanet kowane mai kallo da nasa nauyin.

Ɗan Maraɗi:
Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya nuna mini cewa in aka cire hannun Saudiyya, Arabsat za ta kai 1990 da rai har talbijin ta zo ta cece ta. Shekara 5 tauraro na zaune ba ciniki, wa ya riƙe shi?

Injiniya:
Masu hannun jarin ne, kuma Saudiyya ce babbarsu, wannan ba gardama. Sai dai Saudiyya ta jure har ciniki ya zo, kuma ba ta rushe ba. Babbar mai riƙe da RASCOM ta faɗa yaƙi shekara ɗaya bayan tashin tauraron, kuma cikin sauran ƙasashe 44 babu wadda ta karɓi ragamar. Najeriya da Masar da Aljeriya da Angola kowacce tauraronta na kanta ta je ta saya.